Ɗiyata za ta karatu Faransa, za a bar ta da hijabinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata ta samu gurbin karatu a wata jami'a a birnin Liyon na Faransa. Tun da labarin ya fito dangi suka sa ni gaba, wai can da ƙarfin doka ake cire wa mata hijabi. Gaskiya ne? Kuma wannan doka ce ko tsabar ƙin Musulunci ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya wa karatun albarka. Ki kwantar da hankalinki, babu dokar da ta hana ɗalibar jami'a shiga aji da hijabi. Dokar 2004 ta tsaya ne kan makarantun gwamnati na firamare da sakandare. Niƙabi ne aka haramta a bainar jama'a tun 2011, tararsa takan kai Yuro 150. Amma in karatun zai kai ta koyon aiki a asibitin gwamnati ko wata ma'aikatar hukuma, can kam za a ce ta cire.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. A 1905 Faransa ta raba cocin Katolika da mulki, dokar kuma ta ba kowa 'yancin yin addininsa. Hukuma aka ɗaure wa hannu, ba talaka ba. A 1989 ne akalar ta fara juyawa, lokacin da aka hana 'yan mata uku shiga aji a garin Creil saboda ɗankwali. Daga nan duk 'yan shekaru sai an tayar da sabuwar ƙura: kayan wankan teku na mata Musulmi a 2016, abaya a makarantu a 2023, hijabin 'yan wasan Faransa mata a gasar Olamfik ta 2024. Kusan kullum a kan tufar mace Musulma abin yake ƙarewa. Alhali a yankin Alsace da Moselle har gobe gwamnati ce ke biyan limaman coci da malaman Yahudawa albashi, ban da limaman masallaci.

Ba zan ɓoye miki ba, harin Paris na Nuwamba 2015 da ya ci rai 130, da kisan malamin makaranta Samuel Paty a 2020, sun jefa tsoro na gaske a zukatan mutane. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda 'yan siyasa ke sauke wannan tsoron a kan matar da ba ta ji ba ta gani ba. A Oktoban 2019 wata uwa ta raka ajin ɗanta zauren majalisar yanki a Dijon. Wani ɗan majalisa na jam'iyyar Marine Le Pen mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, Julien Odoul, ya nemi a sa ta cire hijabi a gaban yara. Babu dokar da ta karya, shugabar majalisar ma ta faɗi haka, amma yaron ya riga ya fashe da kuka a jikin uwarsa. In babba ya yi haka a zauren majalisa, me zai hana ɗan tasha ya yi a cikin jirgin ƙasa? Shi ya sa nake ganin dokar da ƙiyayyar ba abu ɗaya ba ne, amma wannan muhawara da ba ta ƙarewa ita ke ba masu ƙiyayya bakin magana.

Duk da haka ki bar ta ta tafi. Miliyoyin Musulmi na zaune a ƙasar, Liyon kuma na da babban masallaci. Kotun ƙoli ta harkokin mulki ce ma ta dakatar da haramcin da wani gari ya sa wa kayan wankan nan a 2016. Ki ce mata da isarta ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi, in kuma aka hana ta haya ko aiki saboda hijabi, ta ajiye duk wata shaida ta kai ƙara ofishin kare haƙƙin jama'a da ake kira Défenseur des droits. Kyauta ne, kuma baƙo ma yana da damar kai kuka.