Hukuncin manya su ci abincin makarantar yara idan akwai kuɗin marayu a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur. Yara biyar ne a hannuna, uku nawa, biyu na wan maigidana da Allah Ya yi wa rasuwa. Duk farkon wata nakan je bakala, wato kantin unguwa, in sayo katan na jus da biskit da cuku, na makarantarsu daga Lahadi zuwa Alhamis. Ƙanen maigida da muke zaune tare, in ya dawo aiki da dare sai ya buɗe firij ya kwasa. Hajiya surukata ma takan ɗauki jus saboda ciwon sukari. Sau da yawa sai da asuba ina haɗa jakunkuna in tarar babu. Da na fara kullewa ya yi fushi, wai baffa uba ne, kuma ɗa da dukiyarsa na ubansa ne. Kuɗin maigida ke bayarwa, sai ɗan abin da ake turowa na hayar gidan da marigayin ya bari a Kano. Shin na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, maganar da kika ajiye a ƙarshe, ta kuɗin haya, a kanta hukuncin yake. Da aljihun mijinki kaɗai ne, da ban tsawaita ba: ɗan'uwa ya ci a gidan ɗan'uwansa halal ne, aya ta 61 a Suratun Nur ta faɗa, matuƙar mai gida bai hana ba. Amma gidan nan na Kano gado ne, kuma marayun suna da rabonsu a ciki. Duk kwalin jus da aka saya da shi, da haƙƙinsu a jikinsa.

Haɗa kuɗinsu da naku da kike yi babu laifi. Ibn Abbas ya ruwaito cewa da ayoyin tsoratarwa kan dukiyar maraya suka sauka, sahabbai sun ware abincin marayu daban har yana lalacewa, sai Allah Ya saukar da aya ta 220 a Baƙara, Ya halatta cuɗanya. Sai dai don amfanin maraya aka halatta ta, ba don babba mai albashi ya samu abin taɓawa da dare ba.

Hujjar ƙanen mijinki kuwa ba ta tsaya ba. Hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne" sananne ne, Ibn Majah ya fitar da shi, kuma na san a ƙasar nan ana yawan jin sa, domin mazhabar Imam Ahmad ta ba uba damar ɗauka daga dukiyar ɗansa ko ba ya cikin buƙata. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa ba su tafi a kan haka ba. A wurinsu uba ba ya ɗauka sai gwargwadon buƙatarsa. To mu ma ɗauka mun bi Hambalawa, wato mabiya Imam Ahmad. Su da kansu sun keɓe wannan dama ga mahaifin da ya haifa, ko kaka ba su sa a ciki ba, balle baffa. Sannan Ibn Ƙudama, babban malaminsu, ya kawo sharaɗi: kada ɗaukar ta cutar da ɗan, kada kuma ta taɓa abin da buƙatarsa ta rataya a kai. Yaron da zai zauna a aji tun da sassafe har azahar cikin zafin Makka, ya buɗe jakarsa lokacin fusha, wato hutun cin abinci, ya ga wayam, abokansa na ci yana kallo, in wannan ba buƙata ba ce, mece ce buƙata? Ko marigayin ne da kansa, wannan sharaɗin ya ɗaure shi. Faɗin Annabi (SAW) game da baffansa Abbas cewa baffan mutum tamkar mahaifinsa ne, wajen girmamawa ake nufi, bai mallaka wa baffa dukiyar kowa ba. Kuma in ya ce shi uba ne, uba ai ƙarawa yake yi a jakar yaro. Sassaucin da aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi na waliyyi ne matalauci mai hidimar dukiyar. Shi ba waliyyi ba ne, ba kuma mabuƙaci ba.

Don haka ba ki yi laifi ba da kika kulle, amana kika tsare. Abin da ya ci a baya a ƙiyasta. Misali in kashi 2 cikin 5 na kuɗin na marayu ne, ya ci na riyal 50, to riyal 20 bashi ne a kansa, ya mayar. Rabon mijinki yana iya yafewa. Rabon marayu kuwa ke ba ki da ikon yafewa, shi ma ba shi da shi, ko yaran sun ce sun yafe ba a karɓa sai sun balaga sun yi hankali. Amma kada a kira shi ɓarawo. Ya yi tawili ne ya kuskure.

Hajiya dabam ce. Ciyar da ita wajibi ne a kan mijinki in ba ta da abin kanta, kuma mai ciwon sukari in sukarin ya yi mata ƙasa tana buƙatar abu mai zaƙi nan take, jinkiri na iya zama haɗari. Ina roƙonki kada makullin nan ya shiga tsakaninta da jus. A ajiye mata nata a ɗakinta daga kuɗin ɗanta, abin da ta sha a baya shi ya cike.

Ki bar mijinki ya yi wa ƙanensa magana su biyu, ba a gaban yara ba. Bakinki a wannan zance zai iya zama sanadin gaba. Ku sayi ɗan wani abu na manya a bar shi a firij, wanda ya dawo aiki da yunwa shi ma a tausaya masa. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo daga Kano da abin da ya fita, da kwanan wata, domin ranar da za a miƙa musu dukiyarsu a gaban shaidu tana nan tafe. Kuma ki kula da kanki ke ma, kada naki ukun su riƙa samun biyu-biyu a jaka, su biyun ɗaya-ɗaya. Wallahu a'alam.