Amsa ga Ƙanena a Kan Waƙar Bob Dylan da Yadda Ta Shigo Kunnenmu a New York

Assalamu alaikum, ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayar da ka aiko, inda kake son sanin abin da ya sa mu mazauna New York muke yawan ambaton wata tsohuwar waƙar Bature, alhali ba harshenmu ba ne, ba kuma kiɗanmu ba, har kana cewa ko mun ajiye Shata ne mun koma wa jita. Tambayarka tana kan hanya, kuma tun da kai ma'aikacin situdiyo ne a Kano, zan ba ka amsa irin wadda mai sana'a zai amfana da ita.

Hausawan da ke nan, yawancinmu a yankin Bronx muke, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar, da dama kuma daga zangunan Ghana. Ba ma sa irin wannan waƙa a suna ko a biki. Idan sha'ani ya tashi, zaure ake kamawa a ƙarshen mako, a taru da dare bayan kowa ya tashi daga aiki, a sa Shata da waƙoƙin situdiyo na gida, mata su yi liƙi da dala. Akwai kuma waɗanda ba sa sauraron kiɗa kowane iri saboda addini, kuma ba wanda yake takura musu. Waƙar Turawa ta ƙofa biyu ta shigo mana. Ta farko rediyon mota ce, domin da yawa daga cikin mazanmu tuƙin tasi suke yi, kuma wanda ya wuni da rediyo a kunne dole wata waƙa ta zauna masa ko bai nema ba. Ta biyu 'ya'yanmu ne da aka haifa a nan, waɗanda akan ba su baitocin mawaƙan ƙasar su yi nazari a makaranta, su dawo gida suna tambayar iyaye ra'ayinsu.

Waƙar da kake magana a kai ita ce "Like a Rolling Stone" ta Bob Dylan, wanda aka haifa a 1941 a jihar Minnesota. Ya zo New York a 1961, ya yi suna a matsayin mawaƙin gargajiya mai rera waƙa shi kaɗai da jitar katako da ƙaramar busar baki, yana waƙoƙin neman 'yancin baƙar fata da na ƙin yaƙi. Har a gagarumin gangamin birnin Washington na 1963, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa, ya yi waƙa. Masu son wannan salo sun ɗauke shi bakinsu da suke magana da shi. A tsakiyar 1965 ya dawo daga rangadi a Ingila a gajiye, har yana tunanin barin waƙa, sai ya zauna ya yi wani dogon rubutu mai shafuka da yawa cike da fushi, daga ciki ya tace baiti huɗu da amshi.

An yi aikin ɗaukar waƙar a situdiyon kamfanin Columbia da ke New York a ranakun 15 da 16 ga Yuni, 1965, ƙarƙashin furodusa Tom Wilson, wani baƙar fata da ya yi karatu a jami'ar Harvard. A rana ta farko Dylan yana kan fiyano, ana bin wani kiɗa mai tafiyar hawainiya, kuma ba a samu abin kirki ba. Washegari aka sauya takun kiɗan, Dylan ya ɗauki jitar lantarki, ga Mike Bloomfield a kan babbar jita, ga mai ganga, ga mai fiyano. A nan ne wani matashi ɗan shekara 21 mai suna Al Kooper, wanda Wilson ya gayyato don ya zo ya yi kallo kawai, ya lallaɓa ya zauna a kan ogan, wato ɗan'uwan fiyano mai jan sauti, alhali shi makaɗin jita ne. Da yake bai san waƙar ba, sai yana jira ya ji inda sauran suka dosa kafin ya danna, shi ya sa duk wanda ya kasa kunne zai ji sautinsa yana zuwa a ɗan makare. Da aka sake sa abin da aka ɗauka don a saurara, Dylan ya ce a ƙara ƙarfin ogan ɗin, duk da Wilson ya nuna masa cewa yaron ba gwanin wannan kayan kiɗa ba ne. Ɗauka ta huɗu ta wannan rana ita ce wadda duniya ta sani. Sun ci gaba da maimaitawa bayanta, ba su sake samun kamarta ba. Ka lura, ƙanena, dukansu a ɗaki ɗaya suka yi kiɗan a lokaci guda, ba irin yadda ake yi yanzu ba, inda ake haɗa kiɗa a kwamfuta sannan mawaƙi ya zo ya ɗora murya.

Fitowar waƙar ma sai da aka kai ruwa rana. A wancan zamani ana sayar da waƙa a ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska, kuma gidajen rediyo sun saba da waƙar da ba ta wuce minti uku ba, ita kuwa wannan ta haura minti shida. Masu kula da kasuwanci a kamfanin suka yi ta jan ƙafa. Wani ma'aikacinsu, Shaun Considine, ya ɗauki faifan gwaji ya kai wani gidan rawa na birnin, aka yi ta sa shi har ya sile, kuma cikin waɗanda suka ji akwai ma'aikatan rediyo, waɗanda suka wayi gari suna neman kamfanin ya ba su nasu. An fitar da ita ranar 20 ga Yuli, 1965, da waƙar "Gates of Eden" a bayan faifan. Faifan da aka fara raba wa gidajen rediyo an tsaga waƙar biyu ne, rabi a kowace fuska, amma masu sauraro suka matsa sai an sa musu ita cikakkiya. Ta kai matsayi na biyu a jadawalin mujallar Billboard, wanda a lokacin ake tsarawa bisa ciniki da yawan sawa a rediyo, a Birtaniya kuma ta kai na huɗu.

Abin da ke cikinta shi ne ya fi kama dattawanmu. Mawaƙin yana magana ne da wata 'yar gata da ta yi makaranta mai tsada, tana raina masu neman na abinci, sai duniya ta juya mata baya, ta wayi gari ba gida ba masani, shi kuma yana ta tambayarta yadda take ji yanzu. Duk lokacin da yara suka fassara wa manya wannan, amsar da suke samu ita ce: ai wannan zambo ne. Gaskiya suka faɗa, sai dai a nan ba a san takamaiman wadda aka yi wa ba, kuma marubuta sun shafe shekaru suna kirdado, wasu ma suna ganin da kansa yake. A ganina, idan ka saurara har ƙarshe, muryar ba ta tsaya ga dariyar ƙeta ba, akwai tausayi a ciki, har da nuna cewa wanda ya rasa komai ya huta da tsoron asara.

Kwana biyar bayan fitowar waƙar, ranar 25 ga Yuli, Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da makaɗan lantarki, wani ɓangare na jama'a ya yi masa ihu. Har yau ana gardama ko kayan lantarkin ne suka fusata su, ko rashin kyan lasifika, ko kuwa don waƙa uku kawai ya yi ya sauka. A watan Mayu na 1966, a birnin Manchester na Ingila, wani daga cikin masu kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato almajirin da Kiristoci suke cewa ya ci amanar Annabi Isa, shi kuwa ya umarci makaɗansa su ƙara ƙarfi, suka rufe taron da wannan waƙa. Wannan gauraye na waƙar gargajiya da kiɗan lantarki shi suke kira folk rock. Na san kai ba baƙon irin wannan rigima ba ne, domin ka sha jin masu cewa fiyano ya kashe kalangu. Ina fahimtar waɗanda suka yi ihun, saboda sun ga wanda suke taƙama da shi ya shiga kasuwa, amma ban ba su gaskiya ba. Mawaƙi a nan ba shi da ubangida irin na mawaƙan fada, a wancan zamani kamfani da masu sayen faifai su ne madogararsa, kuma waɗannan mutane sun so su zama iyayen gidansa su tsara masa abin da zai rera har abada.

Masu sharhi kuwa, sana'a ce mai zaman kanta a ƙasar nan: mutum ya saurari waƙa, ya rubuta a jarida abin da ya gani na kyau da na aibi, ba tare da mawaƙin ya ba shi ko sisi ba, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin gaba. Mujallar Rolling Stone ta sa waƙar a matsayi na ɗaya cikin waƙoƙi 500 mafiya daraja a 2004, da ta sabunta jerin a 2021 kuma ta mayar da ita ta huɗu. Wani marubuci, Greil Marcus, ya yi littafi sukutum a kanta a 2005. A 2014 an yi gwanjon takardun da Dylan ya rubuta baitocin da hannunsa a kan kimanin dala miliyan 2, a 2015 kuma kamfanin ya fitar da ɗaukar da aka yi a waɗancan ranaku biyu, har da wuraren da aka yi kuskure aka tsaya. Da aka ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016, nan ma an yi ta muhawara ko baitin waƙa adabi ne, muhawarar da ba ta dame mu ba, tun da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa tun 1988.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu iyayen da ke nan, shi ne idan yaro ya gama zayyano maka rana da wata da sunan kowane makaɗi na waƙar 1965, sai ya juyo ya tambaye ka yaushe aka ɗauki waƙar Shata da kake sawa a mota, su wa suka yi masa kalangu, su wa suka yi amshi, kuma sau da yawa sai dai ka yi kame-kame. Shi ya sa wasu daga cikinmu suka fara tattara tsofaffin kaset, suna mayar da su kwamfuta, suna rubuta duk abin da dattawa suka iya tunawa game da kowace waƙa. Idan akwai tsofaffin makaɗa ko ma'aikatan rediyo da kake iya kaiwa gare su a Kano da Kaduna, ka sanar da ni, domin muna da tambayoyi da yawa da za mu aiko maka ka yi musu.