Tambaya da Amsa: Daga Ina Zan Fara Labari?

Wata mai karatu daga Kano ta rubuto: "Anti, na fara littafi har uku, duk ina zuwa tsakiya sai labarin ya kuɓuce min. Ya zan yi?"

Ƙanwata wallahi nima na sha wannan, abin da ya cece ni shi ne fara rubuta ƙarshen. Ɗauki biro yau, ki rubuta shafin ƙarshe kawai, misali amarya ta fito daga ɗakin miji da akwatinta a ka, uwar miji na tsaye bakin ƙofa ta kasa cewa uffan. To sai ki tambayi kanki me ya faru jiya, me ya faru kafin jiyan, kina komawa baya har ranar da aka kawo lefe. Duk babin da bai tura ta bakin ƙofar nan ba ki cire shi, ko da kuwa kina son sa sosai.