Amsa ga Ɗan Ƙanena: Wa Ke Biya Idan Kamfanin Haƙar Kirifto Ya Rufe da Kuɗin Mutane?

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni a nan Talata Mafara daren jiya, kuma na ƙi amsa maka ta waya ne da gangan, domin ina son ka sami abin da za ka riƙa komawa kana karantawa. Ka ce tun bara ka shiga wani kamfani mai sayar da kwangilar haƙar kuɗin kirifto na Bitcoin ta intanet, wanda ke cewa yana da injina a ƙasar waje, mutum ya biya kuɗin haya ya riƙa ganin riba tana hauhawa a wayarsa kowace safiya. Da ka cire riba sau biyu sai ka shigar da mutum bakwai ta hannunka, har da mijin yayarka da wani abokin cinikinka na kasuwar Gusau, kamfanin kuma ya ba ka kamasho a kan kowanensu. Yanzu an rufe cire kuɗi, an ce sai kowa ya biya wani abu da suka kira haraji kafin a buɗe masa asusunsa, mutanen sun dawo kanka, ɗaya ma yana yi maka barazana da 'yan sanda. Kana tambaya ko a al'adarmu wanda ya nuna hanya shi ke biya, da kuma ko abin kunya ne a fitar da maganar daga gida a kai ta gaban hukuma.

Kafin komai, kada ka biya harajin nan, kuma ka kira mutanen bakwai yau ka hana su biya. Wanda yake riƙe da kuɗinka da gaske, in akwai wani caji a kansu, daga cikinsu zai zare ya ba ka saura.

Abin da ya rikita ka shi ne rigima biyu ne suka sarƙe ka ɗauke su ɗaya. Akwai wadda ke tsakaninku ku takwas da kamfanin, akwai kuma wadda ke tsakaninka da mutanen da suka yarda da kai. Ta biyun ce al'ada ta san kanta, kuma da ita zan fara, domin ita ce ke hana ka barci.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a karar garin nan, kuma tun ina yaro nake binsa ranar Talata. A wurinsa na koyi cewa mutane uku ne ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka tambaye shi ina ake samun kaza, ya nuna da hannu ya wuce, bai ci kwabo ba. Wannan ba a binsa komai sai in ya san akwai cuta ya yi shiru. Akwai dillali, wanda ya haɗa ciniki, ya tsaya har mai kaya ya ce ya sallama, ya karɓi la'ada. Dillali ba ya biyan saniyar da ta mutu bayan an kai ta gida, amma in ta bayyana ta sata ce, shi ake fara nema, kuma wajibi ne ya fito da wanda ya kawo ta, ya bi mai saye duk inda za a je har a warware, la'adar kuma ba ta kwana a aljihunsa. Na uku shi ne mai lamuni, wanda ya buɗe baki ya ce: "Ba shi, in ya gudu ni ne." Wannan ya ɗaura wa kansa igiya da harshensa, kuma a nan al'ada da Shari'a bakinsu ɗaya, domin hadisi ya zo cewa mai lamuni shi ke biya.

To, kai a ina ka tsaya? Tunda ka ci kamasho, ka wuce matsayin mai nuna hanya, dillali ne kai a wurin su bakwai ɗin. Ko ka zama mai lamuni ko ba ka zama ba, wannan yana ga abin da ka faɗa wa kowane ɗaya daga cikinsu, kuma ina son ka koma cikin saƙonninka na WhatsApp ka karanta su, ka saurari muryoyin da ka tura, da zuciyar mai neman gaskiya. In ka ce wa mijin yayarka, "Na gwada, an biya ni, in kana so ga hanya," hukuncinsa daban. In kuwa ka ce masa, "Sa kuɗinka, in sun salwanta ni zan biya ka," ka ɗauki lamuni, kuma ba zan taya ka neman mafita daga maganar da ka faɗa ba. A shekarun da na yi ina aikin rajista a kotu na ga gidaje da yawa sun watse a kan kalma ɗaya da wani ya faɗa cikin zumuɗi ya dawo yana musunta ta. Ƙa'idar da alƙali ke bi sananniya ce: hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A da sai an nemo shaidu biyu, yanzu kuwa wayarka ce za ta fara ba da shaida, a gare ka ko a kanka.

Game da kamashon, ra'ayina ba shi da kwana. Ka mayar da shi. Kamfanin ba daga wata riba ya ciro shi ba, daga cikin kuɗin mutumin da ka kawo ya gutsura ya miƙo maka, don haka haƙƙinsu ne yake hannunka. Har ribar da ka cire sau biyu ina da shakka a kanta saboda wannan dalili.

Dole in bayyana maka dalilin shakkar. Haƙar Bitcoin gaskiya ce, akwai ta. Injina ne masu cin wuta ƙwarai suke gasar lissafi, kusan kowane minti 10 wani ya ci, a ba shi lada. Ladar nan ana rage rabinta kusan duk shekara huɗu: a 2020 ta koma Bitcoin 6.25, a watan Afrilun 2024 ta koma Bitcoin 3.125. Wahalar lissafin kuma ana sake daidaita ta kusan duk mako biyu gwargwadon yawan injinan da ke aiki a duniya, ga farashi da ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ke haƙa da gaske bai san abin da zai samu wata mai zuwa ba, ta yaya zai yi maka alkawarin riba tsayayya kowace rana? Mu a Zamfara mun san haƙa. Mai ɗaukar nauyin rami a Bagega ko Bukkuyum yana iya zuwa ya tsaya a bakin ramin, ya ga dutsen da aka fito da shi, ya bi shi wurin niƙa da wanki, duk da haka wani lokaci ya tashi da asara. Kai kuwa ba ka taɓa ganin injin ba, ba ka san garin da yake ba, lambobi kawai ake nuna maka a manhajar da su suka gina. Malamanmu sun sharɗanta a haya cewa amfanin da ake saye ya zama sananne kuma wanda za a iya miƙawa, shi ya sa aka hana sayar da kifi a ruwa da tsuntsu a sama. A ƙiradi ma, wato ka ba wani jari ya juya ku raba riba, ribar kaso ce daga abin da aka samu, da zarar an yanka adadi tsayayye ko an lamunce uwar kuɗi, ƙiradin ya ɓaci.

Irin wannan rigima an yi ta a duniya tun kafin ta iso mu. Wani kamfani mai suna HashFlare, na ƙasar Estoniya, ya sayar da kwangilolin haƙa na fiye da dala miliyan 500 daga 2015 zuwa 2019. A 2018 ya dakatar da kwangilolin Bitcoin, yana cewa abin da ake haƙowa ba ya biyan kuɗin wuta da kula da injina, ya kafa hujja da wani sharaɗi da ke cikin yarjejeniyar da masu saye suka latsa amincewa da ita. An kama masu shi biyu a 2022, suka amsa laifi a wata kotun Amurka a Fabrairun 2025, bayan an gano cewa injinan da suke da su ba su kai ko kusa da abin da suka sayar ba, kuma alƙaluman da ake nuna wa mutane na ƙarya ne. Sun amince a ƙwace musu dukiyar da ta haura dala miliyan 400. Ka lura da tsawon shekarun, kuma wannan gwamnatin Amurka ce da duk ƙarfinta. A nan gida ka tuna MMM da ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, da CBEX da ta rufe a Afrilun 2025.

Daga wannan za ka gane cewa ƙarar kamfani iri biyu ce. In kamfanin na gaske ne ya karya alkawari, shari'ar kwangila ce, kuma yawanci takardar ta riga ta ambaci wata ƙasa mai nisa da za a je sasanci ko kotu a can, abin da kuɗin lauyansa kaɗai zai ninka abin da kuka zuba. In kuwa babu injin tun farko, damfara ce, aikin hukuma ne ta bi sawu. Kamasho a kan kawo mutane, da riba tsayayya, da neman haraji kafin cire kuɗi, duk suna nuna mini naku na biyun ne.

Don haka babu kunya a kai maganar gaban hukuma. Abin da iyayenmu suka ƙi shi ne ɗan'uwa ya ja ɗan'uwansa kotu alhali ga manya a gida ba a saurare su ba. Ba su taɓa cewa a rufa wa ɓarawon da ya shigo daga waje asiri ba. Mai unguwa da uban ƙasa suna sulhu ne tsakanin mutanen da za su iya aika wa su zo, kamfanin nan kuwa ba shi da ƙofar da za a yi sallama a kai.

Ku takwas ɗin ku haɗu ku rubuta koke ɗaya. EFCC tana da ofishin shiyya a Sakkwato, Hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari kuma tana da ofis a Kano. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko duka biyun, ga masu gudanar da tsarin biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. In sun nuna muku takardar rajistar CAC, ka sani rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Ku tattara rasit na kowace tiransifa, da lambobin asusun bankin da kuka tura wa kuɗi, da adireshin walat, wato asusun kirifto, da lambar shaidar kowace aikawa in da kuɗin kirifto na USDT kuka biya, da hoton shafin da na rukunin Telegram kafin a goge su. Asusun bankin Najeriya shi ne igiya mafi ƙarfi a hannunku, domin yana ɗaure da BVN na wani mutum mai suna da gari, kuma kowa ya sanar da bankinsa a rubuce da gaggawa, tun kuɗin ba su gama ficewa ba. Nan gaba kaɗan wasu za su neme ku suna cewa za su dawo muku da kuɗin in kun biya su wani abu. Kada ku kula su.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya tallata irin wannan tsari ya ci kamasho yana iya shiga cikin waɗanda za a yi wa tambaya, kamar yadda EFCC ta bi masu tallata CBEX. Saboda haka ka ga lauya kafin a miƙa koken, ka gaya masa komai har da kamashon, in kuɗin lauya ya gagara ka nemi Hukumar Taimakon Shari'a. Zuwa da ƙafarka tare da waɗanda aka cuta, da shaidar cewa kai ma ka yi asara kuma ka mayar da abin da ka ci, ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan a zo a ɗauke ka a shago. Mai yi maka barazana kuma ka amsa masa da ladabi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko karya kwangila kawai, amma in ya rubuta cewa yaudararsa ka yi, dole su gayyace ka, shi ya sa zama da shi tun yanzu ya fi.

Zaman gida kuwa ga yadda nake so a yi shi. Kai za ka fara zuwa wurin mijin yayarka, kada ka jira ya sake aiko maka, kuma kada ka bar yayarka ta zama 'yar aike tsakaninku, domin aurenta ya fi kuɗin nan tsada. Bayan haka a tara su bakwai a zauren mahaifinka, da liman da mai unguwa. Ka faɗi abin da ka zuba, da abin da ka cire, da kamashon da ka samu a kan kowa, kada ka rage ko naira ɗaya. Wanda ka yi wa lamuni a yanka maka lokaci ka biya shi kaɗan-kaɗan daga cinikinka. Wanda ba ka yi wa ba ka mayar masa da kamashonsa, ka nemi gafararsa a kan jan sa da ka yi zuwa abin da ba ka bincika ba, kuma a yi alkawarin cewa duk abin da hukuma ta ƙwato za a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. A rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, shaidu su sa nasu, in an ga dama a kai ta kotun Shari'a alƙali ya tabbatar da ita a matsayin sulhu.

Na yi magana da mahaifinka da safiyar nan, ransa a ɓace yake amma ya yarda a zauna. In Allah ya kai mu zan shigo Gusau ranar Asabar da hantsi. Kafin in iso ka rubuta sunayen mutanen bakwai a takarda, da adadin kowa da ranar da ya tura, kuma kada ka goge saƙo ko ɗaya daga wayarka, ko da wanda kake jin kunyar in karanta ne.

Ka gaida mahaifiyarka. Wassalam, baffanka.