Amsa ga mai tambaya kan zaman Tausug a Jolo

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mutanen Tausug na tsibirin Jolo, a kudancin Filifin, suna zaman rufin asiri ba tare da kuɗi mai yawa ba, kuma da me suke rayuwa. Na yi wata biyu a can, a gidan wani abokina da muka yi karatu tare a Malesiya. Abin da idona ya gani shi ne ci ba ya yi musu wuya, kuɗi a hannu ne ke wuya.

Daga birnin Zamboanga, shi ma a kudancin Filifin, muka shiga jirgin ruwa da daddare, gari na wayewa muka iso. Sunan Tausug ma daga teku ya fito: "tau" mutane, "sug" igiyar ruwa. Musulmi ne tun da daɗewa, sun yi Sarkin Musulmi nasu tun ƙarni na 15. Gidan da na sauka na katako ne, an kafa shi bisa turaku a cikin ruwa, ana bin gadar katako kafin a kai ƙofa. Kwana uku ina tafiya kamar mai tsallake wuta, yara na yi min dariya.

Bayan sallar asuba maza sai shagon gahawa. Suna kiranta kahawa sug, a tsibirin ake noma ta, baƙa ƙirin ake sha, da ɗan abin taɓawa. Nan ake jin farashin kifi da labarin wanda ya mutu da wanda zai yi aure, kamar dai teburin mai shayi a wajenmu.

Abincin yau da kullum kifi ne da rogo. Ana gurza rogon, a matse ruwansa, a turara, shi ne piyutu. Shinkafa kuwa mafi yawa shigo da ita ake yi, saboda haka ranar da aljihu ya yi sanyi sai a koma wa rogo, ba mai kwana da yunwa. Akwai miyar da suke ji da ita, tiyula itum, naman sa ko akuya da ƙonanniyar kwakwa, baƙa wuluk. Ranar farko na zaci girki ne ya kama. Ta biki ce da manyan baƙi, kada ka ɗauka kullum ake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Kawun abokina ciyawar teku yake nomawa, wadda suke cewa agal-agal. Ana ɗaura 'yan rassanta a igiya, a shimfiɗa cikin ruwa, bayan kamar kwana 45 a kwashe a shanya. Gidan kaf ke ɗaurin, har tsofaffi mata. Dillali ne ke yanka farashi, kuma sau da yawa shi ya ba da bashin igiya da iri tun farko, to ina bakin ciniki? In ruwa ya yi zafi wata cuta ta faɗa wa ciyawar, sai ta yi fari ta kakkarye, wahalar wata ɗaya da rabi ta bi ruwa. Masu gona kuma busasshiyar kwakwa suke sayarwa, sai 'ya'yan itace irin su duriyan in lokacinsu ya zo. Wasu matasa kan tsallaka Sabah ta Malesiya neman aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum na zaune bisa ruwa amma na sha sai an saya a jarka ko a tari na sama.

Kuma kada hotunan intanet su ruɗe ka. Garin Jolo ya ƙone a yaƙin 1974 tsakanin sojojin gwamnati da 'yan tawayen Musulmi na ƙungiyar MNLF, daga baya 'yan bindigar ƙungiyar Abu Sayyaf suka addabi tsibirin da satar mutane, masu jari suka gudu. An samu sauƙi sosai yanzu, amma ko sau ɗaya masu masaukina ba su bar ni na fita ni kaɗai ba, ko masallacin Tulay da ke cikin garin zan je sai an haɗa ni da yaro.