Maigida ya riƙe mini kuɗin aiki da katin shaida, ina mafita?

Tambaya: Barista, ni mutumin Damagaram ne, shekara biyu ina aikin buga bulo a Kano. Maigidana ya riƙe mini kuɗin wata huɗu, ya kuma karɓe katina na ɗan ƙasa. Da na yi magana sai ya ce zai haɗa ni da jami'an shige da fice.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Kuɗin guminka haƙƙinka ne, kuma zamanka baƙo bai soke shi ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a biya lebura irinka aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. In bai ba ka ba, laifin nasa ne. Riƙe katinka ma ba shi da hurumi. Najeriya ta amince a 2009 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ma'aikata baƙi, wadda ta hana ƙwace takardun shaida, ta kuma ce ko wanda takardunsa ba su cika ba a biya shi ladan aikinsa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai gyara a ɓangarenka. Yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda kuke kira CEDEAO, kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba. Bayan haka sai da katin izinin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ECOWAS ta sanar a lokacin cewa 'yan Nijar za su ci gaba da morar 'yancin shiga da zama har sai an sake shawara. Ka je da ƙafarka ka nemi katin izinin zaman, barazanar tasa ta mutu.

Kafin nan, ka tara shaida: saƙonnin waya, abokan aikin da suka san yawan bulon da kake bugawa, da duk inda aka rubuta lissafi. Ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, su kira shi sulhu. Ni na fi son a fara da nan, don ya fi sauri. In ya ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana taimaka wa marasa ƙarfi.

Kada ka ɗauki kayansa a madadin kuɗinka, zai mayar da maganar ta zama ta sata. Kada kuma ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.