Amsa ga ƙanwata kan haɗa karatun lauya da tarihi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata, na saurari muryar da kika turo jiya da daddare, cewa kina son haɗa karatun lauya da tarihi ko falsafa a digirin farko, amma Baba yana ganin ɓata lokaci ne, gara ki riƙe lauya zalla. To, ni hanyar na bi, bari in gaya miki abin da na gani.

Ba baƙon tsari ba ne. A Indiya, tun ƙarshen shekarun 1980 makarantar koyon lauya ta ƙasa da ke Bangalore take yin digiri na shekara 5, ana haɗa shari'a da tarihi da kimiyyar siyasa. Jami'ar Sidni a Ostireliya ma shekara 5 ce. A Amurka kuwa sai ɗalibi ya gama digiri a wani fannin kafin ya shiga karatun lauya na shekara 3.

Amma ba don wasu na yi ba nake goyon bayanki. Aikin lauya, kin gane, karatun kalma ne da karatun mutane. Duba malaman fikihu. Ba a barin ɗalibi ya yi fatawa bai ƙoshi da nahawu da lugga ba. A ayar alwala, aya ta 6 cikin Ma'ida, harafin ba'un da ke kan kalmar kawuna na cikin abin da ya raba fahimta: Malikiyya suka ce a shafi kai duka, Shafi'iyya suka ce wani sashe ya wadatar. Harafi ɗaya fa!

Ga wani misalin da za ki haɗu da shi a aji. A 1928, a garin Paisley na Sikotilan, aka saya wa Misis Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha, sai ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito daga ragowar, ta kwanta ciwo. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu yarjejeniya tsakaninta da kowa. Duk da haka ta kai ƙarar mai yin lemon. Da maganar ta kai Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a 1932, alƙali Atkin ya ɗauko tambayar nan ta cikin Linjila, wane ne maƙwabcina, ya ce a shari'a maƙwabcinka shi ne wanda ya kamata ka hango aikinka zai iya cutarwa. A kan wannan hukuncin ne dokar sakaci ta zamani ta tsaya, wato dokar biyan diyya in rashin kularka ya cutar da wani.

Ni kaina, wallahi abin da ya fi yi min amfani daga ajin tarihi na samo shi. Malaminmu ya dawo min da rubutuna na farko, ya cika gefen takardar da jan biro: wa ya faɗi wannan? Yaushe? Me yake nema da ya faɗa? Yau in na ɗauki takardar rantsuwar mai shaida, tambayoyin nan uku nake fara yi mata.

Sai dai Baba ma yana da gaskiyarsa, kada ki raina damuwarsa. Akwai nauyi. Littattafan sashe biyu za ki ɗauka, jarrabawa takan zo a haɗe, kuma a wasu jami'o'in akwai ƙarin shekara ɗaya ko biyu, da kuɗinsu.

Abin da ba na so ki yi sake da shi: ki tabbatar hukumar da ke ba lauyoyi izinin aiki a ƙasar da za ki zauna ta amince da digirin, kuma manyan darussa suna ciki, irin su dokar kwangila, ta manyan laifuka, ta filaye da tsarin mulki. Ki turo min jerin darussan in duba, sannan ran Asabar in Allah ya kai mu in kira Baba mu yi magana.